Kwanon Tagulla da Labarin da Aka Jingina Masa

Kwano ne na tagulla, bai fi na tuwo girma ba. Mai kaɗawa yakan ɗora shi a tafin hannu, ya buge shi sau ɗaya da ɗan sanda mai naɗin fata, sannan ya riƙa zagaya bakinsa da sandan a hankali. Sai wani amo ya taso, yana hawa yana sauka, ya daɗe bai mutu ba. Dalilin hawa da saukar a fili yake: kwanon da aka ƙera da guduma ba ya daidaita ta kowane gefe, don haka yakan fitar da sauti biyu masu kusa da juna, su yi ta karo a kunne. In aka zuba ruwa ciki, za ka ga ruwan na tsalle kamar ya tafasa.

Shi ne ake tallatawa da sunan kwanon Tibet, kuma ya zama sarkin kayan kiɗan neman natsuwa da waraka. A Amurka da Turai mutane na biyan kuɗi su kwanta ido rufe, a kewaye su da kwanuka da manyan fayafayan tagulla, a yi musu abin da suke kira wankan sauti. 'Yan kasuwa na cewa tun dubban shekaru malaman addinin Buddha ke warkarwa da shi, kuma wai ƙarfe bakwai aka narka aka yi shi.

Wannan labari ba shi da ƙafa. Kayan ibadar Tibet sanannu ne: ƙararrawar hannu, ƙananan kuge, 'yar gangar damaru, da dogon ƙaho mai kama da kakaki. Kwanon kuwa a Nefal da arewacin Indiya ake ƙera shi, kuma irinsa mutane ke cin abinci a ciki. Galibinsa jan ƙarfe ne da kuza. Sunansa ya fara tashi a Yamma bayan 1972, shekarar da Henry Wolff da Nancy Hennings suka fitar da faifansu Tibetan Bells, a daidai lokacin da matasan Turawa ke tururuwa zuwa Katmandu. Mai saye na son tsohon asiri, mai sayarwa ya ba shi.

Abin da ya fi damuna shi ne, hatta kayan da ke da tarihi na gaske an yanke su daga jikin masu su. Dubi sarewar gora ta Japan mai ramuka biyar, shakuhaci. Masu zuhudun Komuso sun riƙa yawo da ita kawunansu rufe cikin kwando, suna ɗaukar busa a matsayin ibada, har gwamnatin Japan ta zamanin Meiji ta rushe ƙungiyarsu a 1871. A wurinsu amfanin na mai busa ne, wanda ya yi shekara da shekaru yana horon numfashinsa. Yanzu an mai da ita sautin da ake kunnawa a YouTube don barci ya zo.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. A bori, kowane iska da takensa, kuma mai garaya ko mai goge ya san wanda zai kaɗa wa wa. Malamai sun daɗe suna yaƙar abin, da hujjojinsu. Amma ko 'yan borin ba su taɓa cewa tsirkiya ce ke warkarwa ba. Akwai girka ta kwanaki, akwai dangi a zaune, akwai jama'ar da ta amsa cewa wannan mutum na cikin wahala. Haka abin yake ga Ginawa na Maroko, masu raba dare suna kaɗa gimbiri, waɗanda UNESCO ta sa al'adarsu cikin gadon duniya a 2019. Wankan sauti ya ɗauki amon, ya bar jama'ar.

Ban ce amon banza ne ba. Wanda ya kwanta awa guda ba waya, numfashinsa ya lafa, zai tashi da sauƙi a jikinsa, kuma wannan alheri ne a zamanin hayaniya. Sai dai cewa kwano na gyara ƙwayoyin jiki ko yana kashe ciwon daji, wannan talla ce, ba likitanci ba. Mai hawan jini ko ciwon damuwa ya saurara in yana so, amma don Allah kada ya ajiye maganin asibiti saboda kwano.