KASA KO ƘASA? GYARA GA MASU HAƊA WASANNIN KWAMFUTA

Yau gyaranmu ya faɗa kan matasan cikin birnin Kano da ke koyon haɗa wasannin kwamfuta da na waya don sha'awa. Wasunku sun fara raɗa wa abubuwan da ke cikin kod ɗinsu sunayen Hausa maimakon na Turanci. Madalla da wannan. Amma fa akwai sakaci, kuna zubar da lanƙwasar baƙaƙe, wato ƙugiyar da ke kan ɓ, ɗ da ƙ.

Ɗauka ka haɗa wasan tsere, ɗan wasanka ya taso daga Ƙofar Mata zai haye Dutsen Dala. Ka sa wa dandaɓar da yake takawa suna "kasa". Can gaba, inda ya gaza tsallake rami, ka sake rubuta "kasa". Ka kuma jefa maciji a hanya, shi ma "kasa". Abu uku ke nan, suna ɗaya. Ɗan Adam zai duba muhallin magana ya gane nufinka, kwamfuta kuwa babu ruwanta da muhalli. Abin da ka zuba daga baya sai ya goge na farko, wasa ya rikice, ka kwana kana neman inda matsalar take. Haka "kafa" da "ƙafa", haka "baki" da "baƙi".

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: suna ɗaya, ma'ana ɗaya, kuma sunan ya faɗi aikinsa. Don haka rubuta ƙasa da ƙugiyarta, gazawa ka kira ta gazawa, maciji ka kira shi maciji.

Kada ka ce kwamfuta ba ta san ƙugiya ba. Waɗannan baƙaƙe suna cikin rubutun boko tun shekarun 1930, kuma kowannensu yana da lambarsa a tsarin Unicode. Python ta karɓi irinsu a cikin sunaye tun fitowar Python 3 a 2008, Godot 4 da ta fito a 2023 ma haka. Yadda Python ke bambanta K da k, haka take bambanta ƙ da k. A waya kuwa, Gboard na da allon rubutun Hausa.

Inda gizo ke saƙar shi ne 'y. Mu a Najeriya da ɗan waƙafin sama muke rubuta ta, alhali a Python wannan alama tana nufin an buɗe zance. In kana haɗa wasan dara ka rubuta 'ya'ya a matsayin suna, za ta ɗauki 'ya' a zance, ta rasa yadda za ta yi da sauran, ta tsaya cak. A nan rubutun 'yan'uwanmu na Nijar ya fi sauƙi, domin su da ƴ suke amfani, baƙi ɗaya tak. Rubuta ƴaƴa ko ƴan_wasa, magana ta ƙare. Kalma mai hamza kuwa, irin su ma'aji, sauya ta da wata, ka ce rumbu ko taska.

Gyara na ƙarshe: a daina gwamutsa harsuna a suna guda, irin su playerGudu. In Hausa ka zaɓa, tsaya a kanta, ka ce saurin_gudu, adadin_rai, mataki_na_gaba. Ka kuma buɗe ɗan fayil ka jera kalmominka da ma'anarsu. In ka yi shakka, duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Kod ba kwamfuta kaɗai ake rubuta wa ba. Gobe ƙaninka ko abokin aikinka zai buɗe shi, kai kanka bayan wata shida baƙo ne a wurinsa. Kalmomin da kuke zaɓa yau su na baya za su tarar, don haka a zaɓe su da kula.

Allah ya sa mu dace. Sai darasi na gaba.