Bakin Mai Saye da Alƙalamin Mai Rubutu: Tsokaci kan Tallan Ƙagaggun Labarai a Kafofin Sada Zumunta

Gabatarwa

Duk wanda ya san kasuwar Hausa ya san cewa da baki ake ciniki. Mai kaya ya yaba kayansa, mai saye ya kushe don neman rangwame, dillali ya shiga tsakani, a taya, a yi albarka, har a kai ga sallamawa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wurin da ake wannan zance, da kuma wanda muryarsa ta fi ƙarfi a cikinsa. Tun da kafofin sada zumunta suka shigo hannun jama'a, abin da masu saye ke faɗa wa junansu ya fi abin da mai kaya ke faɗa tasiri wajen tallata haja.

Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi yadda wannan sauyi ya shafi wata haja guda da ta dame mu, mu ɗaliban Hausa da malamanmu, wato ƙagaggen labari. Za mu yi dubin ne daga Barkin Sale, ɗaya daga cikin unguwannin Minna, domin nisan da ke tsakaninta da Kano, cibiyar cinikin littattafan Hausa, yana sa a ga sauyin sarai. Ra'ayinmu shi ne, zancen masu karatu ya buɗe wa marubuta ƙofar da ta daɗe a rufe, amma kuma ya cakuɗa abubuwa uku da ya kamata su zauna daban: shaida da talla da tarke.

Talla kafin zuwan wayar hannu

Bahaushe ba baƙon talla ba ne. Akwai 'yar talla mai yawo da faranti tana kiran sunan abin da ta ɗauko. Akwai dillaliya mai shiga gida-gida da zannuwa da kwanuka, tana kai wa matan kulle kaya haɗe da labarin wadda ta saya da wadda ta yaba. Akwai maroƙi mai kambama ɗan kasuwa a bainar jama'a. A 1969 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna irin girman cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu ba tare da sun taka kasuwa ba. Abin lura a nan shi ne, kowa ya san matsayin waɗannan mutane. An san dillaliya tana da la'ada, an kuma san maroƙi don a ba shi yake yabo. Saboda haka mai saurare yakan auna maganarsu da wannan sani.

Shi kuwa littafin Hausa, da farko bai bukaci talla ba. Littattafan da gasar 1933 ta haifar a ƙarƙashin Rupert East, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, waɗanda dukansu 'yan Kagara ne ta Jihar Neja ta yau, makarantu ne babbar kasuwarsu. Haka abin ya ci gaba har zamanin kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966. Sai a shekarun 1980, da marubuta suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, littafi ya shiga kasuwa da ƙafarsa. Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da ire-irensu sun yaɗu ta hanyar hoton bango, da jerin sunayen littattafan 'yan ƙungiya irin wanda Raina Kama ke sakawa, da karantawa a gidajen rediyo, da shagunan haya, da kuma aro daga hannu zuwa hannu. Wannan ne Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, sunan da ya jawo doguwar muhawara a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a shekarun 1990.

A wancan zamani mai karatu a Barkin Sale sai ta jira ɗan kasuwa ya sauko da kashi na biyu daga Kano. In labarin ya yi mata daɗi, ƙawayenta kaɗai za su ji, ko kuwa ta aika wa marubuci wasiƙa. In kuma ita ce ke da labari a kanta, hanyar maɗaba'a ta yi mata nisa. Minna ba baƙuwar marubuta ba ce, domin a nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921 da Ben Okri a 1959, a nan kuma Abubakar Gimba ya zauna, amma duk da Ingilishi suka yi suna. Mai rubutu da Hausa kuwa Kano ko Zariya yake fuskanta.

Da waya ta zama kasuwa

Wayar hannu ta fara aiki a Nijeriya a 2001. An kafa Facebook a 2004, Wattpad a 2006, WhatsApp a 2009, sannan a 2016 Facebook ya sanya Hausa cikin harsunansa. Tun a 1999 wasu Amurkawa huɗu suka fitar da wata takarda mai suna Cluetrain Manifesto, inda suka yi hasashen cewa intanet za ta mayar da ciniki yadda ya faro, wato hira tsakanin mutane. Wannan sabon abu ne ga manyan kamfanonin da suka saba yi wa jama'a shela ta rediyo da talabijin ba tare da an mayar musu da amsa ba. Ga Bahaushe kuwa, tsohuwar dillaliya ce ta sami sabuwar hanya.

Ga yadda cinikin labari yake tafiya a yau. Marubuciya, domin mata ne suka fi yawa a wannan fage, takan buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram, ta riƙa sakin labarinta shafi-shafi. Shafukan farko kyauta ne. Da zarar labari ya kama masu karatu, sai ta sanar da cewa kyauta ta ƙare, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya, a sa shi a zauren waɗanda suka biya. Wasu marubutan sukan haɗa gwiwa su sayar da littattafansu a dunƙule, kamar yadda Zafafa Biyar suka yi, wanda ya tuna mana da dabarar Raina Kama. Sau da yawa a saman shafi akan ga tallan turaren wuta ko atamfa ko kayan mata, domin masu waɗannan kaya sun gane cewa idanun da ke bin labari idanun masu saye ne. Amma babban talla shi ne maganar masu karatu. Takan ɗauki hoton yabon da aka yi mata ta yaɗa, wasu kuma su tura wa ƙawayensu, haka labari zai tashi daga Minna ya kai Maraɗi da Kumasi da Jidda a yini guda.

Ribar da aka samu

Adalci ne mu fara da faɗin alherin wannan tsari. Da farko, ya kawar da kuɗin ɗab'i da na mota da jiran ɗan kasuwa ya sayar kafin ya biya. Matar aure a Barkin Sale, wadda ba ta taɓa zuwa Kasuwar Sabon Gari ba, tana iya samun masu karatu da kuɗin hannu daga ɗakinta. Na biyu, ya ba mata damar taɓo batutuwan da suka fi kowa sani, kamar fyaɗe da sakin wulaƙanci da ciwon damuwa da zaman gudun hijira. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna wa masu shakka irin yawan matan da ke riƙe da alƙalami. Na uku, mai karatu ya daina zama kurma. In marubuci ya yi kuskure kan aikin asibiti ko hukuncin kotu ko wata mas'ala ta aure, akan sami masani cikin zauren ya gyara masa nan take. Littafin da aka buga a takarda bai taɓa samun wannan gata ba.

Yadda kasuwa ta shiga cikin labari

Sai dai idan muka ɗauki waɗannan labarai muka auna su da ma'aunin da aka koya mana, wato jigo da zubi da tsari da taurari da salo, za mu ga sawun ciniki a kowane ɗaya.

Ta fuskar zubi, tunda shafukan kyauta su ne tarkon, akan tara duk wata rikita-rikita a farkon labari, a kai ta ƙololuwa daidai inda biya zai fara. Bayan nan sai labari ya miƙe ƙafa, ya yi ta jan jiki, domin tsawo shi ke nuna wa mai saye cewa kuɗinsa bai tafi a banza ba. Kowane shafi dole ya ƙare da faɗuwar gaba, ko da labarin bai kai wurin ba. Shi ya sa haɗarin mota da suma da ɓatan hankali suka yi yawa.

Ta fuskar taurari, masu karatu sukan rabu gida biyu, waɗannan na bayan uwargida, waɗancan na bayan amarya, su yi ta jayayya. Wannan jayayya talla ce mai ƙarfi, marubuciya kuma ta san haka. Illar ita ce tauraro ya daina bin halin da aka gina shi a kai, ya koma bin ɓangaren da ya fi surutu. Mugun da aka ɓata rabin littafi ana nuna muguntarsa sai ya tuba dare ɗaya, don masoyansa sun yi yawa.

Ta fuskar jigo, abin da ya sayu jiya shi ake sake dafawa yau: attajiri mai girman kai da 'yar talaka, auren yarjejeniya, ɗan sarki da baiwa. Wasu kuma sun gano cewa batsa tana jawo zance, zance kuma yana jawo kuɗi. Ta fuskar harshe kuwa, gaggawar saki kullum ta sa an yi watsi da ƙa'idojin rubutu. Haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana cusa Ingilishi inda Hausa ba ta gaza ba.

Kada a ɗauka muna cewa rubutu kashi-kashi shi ne laifin. Charles Dickens na Ingila haka ya riƙa sakin labaransa wata-wata tun daga 1836, da tallace-tallace a jikinsu, har ma da cinikin Martin Chuzzlewit ya ja baya a 1843 sai ya tura tauraronsa Amurka don ya farfaɗo da sha'awar masu saye. Ke nan sauraron kasuwa bai hana aiki ya yi kyau ba. Bambancin shi ne, a bayan Dickens akwai editoci da matarka masu faɗa masa gaskiya a jaridu. Marubuciyarmu ta yau ba ta da kowa sai masu yabo.

Shaida da talla da tarke

A nan ne babbar damuwarmu take. Shaida ita ce mai karatu ya faɗi abin da ya ji a ransa ba don wata riba ba. Talla ita ce yabon da aka yi don kaya su sayu. Tarke kuwa shi ne a warware aiki a nuna kyawunsa da rauninsa tare da hujja. A tsohuwar kasuwa an san mai la'ada. A sabuwar kuwa talla takan sa rigar shaida. Wadda ta ce littafi ya hana ta barci tana iya kasancewa ƙawar marubuciya ce, ko 'yar ƙungiyarsu mai jiran a rama mata, ko wadda aka ba littafin kyauta. Wasu marubutan ma sukan yi barazanar dakatar da labari in ba su ga sharhi ba, alhali sharhin da ake nufi yabo ne. Wanda ya nuna gyara sai a kira shi mahassadi, wani lokaci a fitar da shi daga zauren.

Hukumomi sun lura da wannan matsala a sauran kayayyaki. A Amurka tun 2009 hukumar kula da ciniki ta wajabta wa wanda aka biya ko aka ba kyauta don ya yabi kaya a intanet ya bayyana haka. A Nijeriya dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta shigar da tallan intanet cikin abin da ake sa wa ido. Amma ba mu ganin doka za ta iya leƙa kowane zaure. Abin da adabi ke bukata shi ne matarka, kuma samar da su aikin sassan Hausa ne.

Akwai kuma batun adana. Lokacin da dandalin OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da ayyukansu a kansa, ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023, ya tuna mana cewa rumfar aro ba ta zama rumbu. Ruwan Bagaja yana hannunmu bayan shekara casa'in. Labarin da ke cikin waya kuwa yana iya tafiya tare da wayar.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa kafofin sada zumunta sun mayar da bakin mai saye babbar hanyar talla, kuma a fagen ƙagaggun labarai wannan ya kusantar da unguwa irin Barkin Sale da masu karatun Hausa a ko'ina. Mun kuma nuna cewa wannan baki ya shiga cikin zubi da taurari da jigo da harshe, ya kuma danne muryar tarke. Bai kamata mu maimaita abin da ya faru da littattafan Kano ba, inda wasu manazarta suka daɗe suna yi musu kallon hadarin kaji kafin su yarda su nazarce su. Shawararmu ita ce ɗalibai su riƙa zaɓar waɗannan labarai a kundayen digirinsu, sassan Hausa su riƙa tattara su suna adanawa da izinin masu su, mujallu irin wannan kuma su ware shafukan bitarsu. Su kuma marubuta, muna roƙonsu su kammala labari kafin su fara saki, su nemi mai duba musu rubutu, su kuma bar wa mai gyara wurin zama a zaurensu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.