Alewar Ɗan Indiya: Sharhi a Kan Littafin Weep Not, Child

Idan ana maganar littafin Weep Not, Child na marigayi Ngugi wa Thiong'o, wanda kamfanin Heinemann ya buga a 1964, galibi sai a tsaya a kan jigon ƙwacen gonaki da tawayen Mau Mau da dokar-ta-ɓacin da Turawan Ingila suka kafa a Kenya a 1952. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata 'yar alewa.

Njoroge, tauraron littafin, ya tuna wata rana yana tafe da mahaifiyarsa, sai wani yaro Ba'indiye ya miƙo masa alewa. Ya karɓa, har zai kai baki, uwar ta daka masa tsawa, ta muzanta shi saboda ya karɓi abin hannun ɗan Indiya, wanda ta kira ƙazami. Yaro ya yar da alewa a gaban mai kyauta, abin ya yi ta cin sa a zuci. Mai karatu ya lura da wadda ta yi wannan tsawa. Ba wata muguwa ba ce. Uwa ce mai ƙaunar ɗanta, wadda ba ta da burin da ya wuce ta ga ya yi ilimi, kuma ita ma mulkin mallaka ya gasa mata aya a hannu. Da marubucin ya ga dama, da sai ya jibga wa Bature laifin wariya kacokan, ya wanke nasa mutanen. Bai yi haka ba. Har abotar Njoroge da Mwihaki, 'yar Jacobo mai arziki, uwar ba ta so, alhali fatarsu ɗaya.

A nan ya kamata mu marubuta mu yi wa kanmu hisabi. A yawancin littattafanmu na soyayya, uban da ya raba yara azzalumi ne tun daga shafin farko, ga kwaɗayi ga zafin rai, don haka babu uban da zai karanta ya ga kansa. Amma uwar Njoroge fa? Ni dai na gane ta, domin ni ma na taɓa tambayar ɗana ko abokinsa ɗan wace ƙabila ne kafin in tambayi halinsa.

Sai dai littafin bai rasa tangarɗa ba. Can gaba, a makarantar Siriana, Njoroge ya haɗu da Stephen, ɗan Howlands, Baturen da ya mallaki gonar kakanninsa. Suka gano ashe tun suna ƙanana kowa na son yi wa ɗan'uwansa magana, tsoro ne ya hana. Manufar ta yi kyau, amma a ganina an cika wa yaran baki da zance irin na manya, har kana jin muryar marubucin a bayansu. Tsawa guda ta uwa ta fi duk wannan doguwar hira isar da saƙo.

Shi kuwa ɗan Indiyan, ko suna Ngugi bai ba shi ba. Ya miƙa alewarsa, ya ga an yar, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, balle mu san abin da tasa uwar ta ce da ya koma gida.