Talaka a Cikin Laudato Si': Tarken Wasiƙar Fafaroma Kan Muhalli

A watan Yunin 2015, watanni shida kafin a ƙulla yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi, marigayi Fafaroma Francis ya fitar da wata doguwar wasiƙa mai suna Laudato Si'. Babi shida gare ta, sakin layi 246, kuma ta aro sunanta daga waƙar yabo da Waliyyi Francis na Asisi ya tsara a ƙarni na 13. Na karanta ta ne a matsayin rubutun da ke neman sauya halin mai karatu, don haka tambayar da na riƙe ita ce: da wa take magana?

Ƙarfin wasiƙar yana cikin salonta. Ɗumamar yanayi magana ce da aka saba jin ta a bakin masana, cike da alƙaluma, sai marubucin ya ɗauko ta ya sa mata rigar zumunci. Ƙasa ta zama 'yar'uwa kuma uwa, duniya ta zama gida guda da kowa ke kwana a ciki. Da wannan dabarar ta mutuntarwa, ɓata muhalli ya koma cin amanar ɗan'uwa, abin da mai zuwa coci ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙinsa. Marubucin bai tsaya kan Katolika kaɗai ba: ya kafa hujja da Bartholomew, jagoran cocin Otodoks, har ma ya ambaci sufin nan Musulmi, Aliyul Khawwas, a wata 'yar manuniya ta ƙasan shafi.

Inda na fi jinjina masa shi ne sakin layi na 51. A nan ya kira abin da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta da sunan bashi, ya kuma nuna yadda zafi da fari suka kassara noma a Afirka saboda almubazzarancin wasu. Kalmar bashi tana da nauyi, domin mai bin bashi haƙƙinsa yake nema, ba sadaka ba.

Sai dai da aka zo babi na shida, inda ake gaya wa mai bi abin da zai aikata, murya ta sauya. Sakin layi na 211 ya ba da shawarar a rage ɗumama ɗaki a ƙara tufafi, a kashe fitilun da ba a buƙata, a ware shara kashi-kashi, a haɗu a mota guda. Shawarwari ne masu kyau ga mazaunin Roma ko Milan. To, me za su ce wa matar da ke zuwa coci a wani ƙauyen Maiduguri, wadda ba ta da wutar da za ta kashe, kuma itace ne kawai makamashin girkinta? Ita aka yi wa kuka tun daga babi na farko, amma ba a juyo an fuskance ta ba. Dasa itatuwa ne kusan abu ɗaya a jerin da hannunta zai kai. A ganina wannan giɓi ne a zubin wasiƙar: talaka shi ne jigo, mai hali shi ne mai sauraro.

Ana iya kare marubucin da cewa wanda ya yi ɓarna shi ake yi wa wa'azi. Na yarda, amma wasiƙar da kanta ta ce tana magana da kowane mutum da ke doron ƙasa, kuma da wannan alkawarin nake auna ta. Limamin cocin da zai karanta ta ga manoman da hamada ke cinye wa gona dole ya rubuta nasa babi na shida.

A Oktoban 2023 Fafaroman ya sake fitar da Laudate Deum, gajeriya, gab da taron yanayi na Dubai. Lallashin ya ragu, waƙar ta ja baya, har ya fito fili ya ce hayaƙin da mutum guda ke fitarwa a Amurka ya kai kusan ninki bakwai na takwaransa a ƙasashe mafiya talauci. A wannan karon bai ɓoye wanda yake nuna wa yatsa ba.