Wa zai biya kuɗin labari a Abijan?

Duk wanda ya bi ta Adjamé da sassafe ya san cincirindon da ake yi a gaban allon mai jarida. Ga Fraternité Matin, wadda gidanta ke nan unguwar, ga Soir Info, Le Patriote da Notre Voie, an jera su reras. Mutane su karanta kanun labarai a tsaye, su tafka gardama, su watse, da wuya wani ya zaro sefa 300 ya saya. Ɗabi'ar nan ce ta koma cikin waya: hoton shafin farko na yawo a WhatsApp tun kafin a buɗe rumfa.

Masu gidajen jarida kan ce mutane ba sa son biya. Ban yarda ba. Mai atamfa a babbar kasuwar Treichville yana biyan Canal+ duk wata saboda ƙwallo, yana sayen data kullum. Da kamfanonin waya suka rage yawan data a Afrilun 2023, ai kowa ya ga yadda gari ya ɗau zafi. Kuɗi na fita, amma aljihun Canal+, Orange, MTN da Moov suke faɗawa, ɗan jaridar da ya sha rana kuwa ya tashi a tutar babu. Wannan yana ci mini rai.

Sai dai jaridun ma da nasu laifin. Jaridar da kowa ya san jam'iyyar da take wa kirari, kanunta ya gama faɗin abin da ke ciki, to me za a saya? Mu Hausawa kuma mun tashi da BBC da DW a rediyo kyauta, kuma da yawan iyayenmu a kasuwa ba sa karanta Faransanci.

Abin da ɗan kasuwa zai biya shi ne labarin da ya taɓa jarinsa: nawa kwastan ke karɓa a tashar jirgin ruwa, wane layi za a rushe, nawa buhun albasa daga Galmi ya iso, hanyar arewa lafiya ko a dakata. A haɗa masa wannan cikin murya, da Hausa ko Julanci, minti biyar. Kada a ce ya kawo katin banki ya biya na shekara. A bar shi ya tura sefa 100 ta Wave ko Orange Money ranar da yake buƙata, kamar yadda yake sayen data.