Lasisin da ba a gwada hannu

Tun 2016, duk mai son yin sana'a da ƙaramin jirgi marar matuƙi a Amurka sai ya ci jarrabawar hukumar FAA: tambayoyi 60, ana neman kashi 70 cikin ɗari. Akwai taswirar sararin sama, yanayi, da dokar hana wuce ƙafa 400. Wannan kam da kyau.

Amma fa ko lasisin mota sai an ga tuƙinka, nan kuwa babu mai cewa ka tayar da jirgin ya gani. Wanda bai taɓa riƙe rimot ba yana iya karɓar takardar, ya ɗaga na'ura mai kusan kilo 25. In iska ta kwashe ta, ko GPS ya ɗauke kusa da taron jama'a, zaɓen A, B ko C ba zai sauko da ita ba.