Haƙƙin Makitsa Baƙi Yana Wuyanmu

Duk wanda ya san lungunan unguwar nan ya san zauruka da barandojin da mata ke wuni a ciki suna kitso, tun daga hantsi har a kira magariba. Da yawa daga cikin makitsan nan ba 'yan ƙasa ba ne. Akwai 'yan Nijar daga wajajen Maraɗi da Damagaram da Tawa, gwanayen shuku da kalaba da zanen yawo, waɗanda ke haɗawa da ƙunshi idan biki ya taso. Akwai 'yan Togo da Binin, su kuma sun fi samun ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da matan da ke kwana a Keffi suna aiki a Abuja. Jarin kowacce bai wuce tabarma da kujera 'yar tsugunno da mataji da kibiya da kwalbar mai ba. Babu allo a ƙofa, babu rasit, babu ƙungiyar da za ta tsaya musu.

Wannan rashin gata shi wasu daga cikinmu suka mayar abin ci, kuma a kansa muke son yin magana.

A duba yadda cinikin ke tafiya. Za a daidaita a kan N2,000, makitsiya ta sunkuya awa uku ko huɗu, wuya ya ƙage, yatsu su yi tsami. Ana gamawa sai Hajiya ta ɗauki madubi ta ɓata rai, wai tsagar nan ta karkace, ta miƙa N1,200 ta ja mayafi. Wata kuma "zan aiko yaro" za ta ce, yaron da har kitson ya tsufa a tsefe shi bai iso ba. Ranar jajiberin Sallah abin ya fi muni: a tara 'ya'ya biyar a gabanta har tsakar dare, a biya na uku, a ce sauran ai ihsani ne tunda ana tare. Haba jama'a! Wa ya taɓa zuwa kasuwar Keffi ya auni shinkafa mudu biyar ya biya na uku?

Idan ta daure ta biyo bashinta, nan ne za a tuna mata asalinta. "Ke da ba ƙasarku ba, har kin samu bakin magana?" Wata har barazana take yi da jami'an shige da fice. Masu ba da haya ma ba a bar su a baya ba, ɗakin da ɗan gari zai kama a kan kuɗi kaza, baƙuwa sai an ɗora mata, don an san ba ta da wurin kai ƙara.

To, bari mu faɗi abin da doka ta ce, don masu barazanar su sani. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan kowace ƙasa a cikinsu ya shiga wata ba tare da biza ba har kwana 90, sannan a 1986 da 1990 aka ƙara da 'yancin zama da na kafa sana'a. Togo da Binin suna cikin ƙungiyar har yau. Nijar ta fice tare da Mali da Burkina Faso a ranar 29 ga Janairun 2025, amma a lokacin ECOWAS ta sanar cewa 'yan ƙasashen uku za su ci gaba da zirga-zirga da zama kamar da, har sai an fitar da wata sanarwa. Gaskiya ne wadda ta daɗe tana buƙatar takardar zama, kuma ba kowacce ke da ita ba. Sai dai wannan tsakaninta da hukuma ne. Rashin takarda ba ya halatta wa kowa cin guminta, kuma malamanmu ba su gaji da tunatar da mu a biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci ba.

A kuma tuna halin da suke ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, abin da makitsiya za ta canza zuwa sefa ta aika gida ya ragu ƙwarai. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024, kuma mata da yawa sun yi watanni ba su ga 'ya'yansu ba. N800 ɗin da aka zaftare mata, abincin wani yaro ne a can ƙauye.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a ce mu ne masu gorin baƙunci. Garin nan kansa, Abdu Zanga da ya kafa shi wajen 1800 daga ƙasar Katsina ya taso. Iyayenmu da kakanninmu daga Kano da Zazzau da Sakkwato suka zo da fatauci da almajiranci da ɗinki da fawa, aka ba su wuri suka zauna. Danginmu sun ɗanɗana korar baƙi a Gana a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba marasa takarda mako biyu su fice, mutanen zango suka bar gidaje da shaguna. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora a nan, har jakar nan ta samo sunanta. Yau ma gida nawa ne a unguwar nan ke jiran aike daga wata 'yar'uwa da ke kitso da lalle a Jidda ko Makka ba igama, kullum gabanta na faɗuwa kada a kama ta? Idan Balarabiya ta hana ta kuɗinta, mu ne masu cewa Allah ya isa. Abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awe.

Ba mu ce makitsan ba su da nasu laifin ba, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Mataji ɗaya da kibiya ɗaya a kan mutum goma ba wanki, hanyar kwarkwata da makero ce, musamman ga yara. Jan gashi da ƙarfi don kitso ya daɗe yana cinye gaban goshi, wani lokaci gashin ba ya dawowa. Mafi girma kuma shi ne 'yan matan da wasu ke ɗaukowa daga gida da sunan koyon sana'a, yara 'yan shekara tara ko goma, su wuni suna tsifa da ɗiban ruwa, babu boko babu islamiyya, babu ko sisi a hannunsu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare, kuma an kafa hukumar NAPTIP tun 2003 don yaƙi da safarar mutane, har da yaran da ake kawowa aikatau. Wadda ta zauna yarinya irin wannan ta tsefe mata kai ba ta tambayi komai ba, ita ma tana da kaso a alhakin. Kuma a lura, ƙwarar da muke yi a farashi tana cikin abin da ke sa makitsiya neman hannun da ba za ta biya ba.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. A yanke kuɗi kafin a tsaga kai, a biya kafin a ɗaura ɗankwali. Wadda ba ta da shi ta faɗa tun farko, rana ta yi kuma ta cika alkawari. Kowace mace ta riƙa zuwa da matajinta da kibiyarta. Masu unguwa da limamai su buɗe ƙofa ga baƙuwar da aka ci wa haƙƙi, su saurare ta kamar yadda za su saurari 'yar gida, ƙungiyoyin matanmu na islamiyya kuma su sa ido a kan yaran nan har a ga sun shiga aji. Su ma makitsan su haɗa kansu, su tsayar da farashi ɗaya, su nemi takardunsu.

Wadda ke da bashin kitso a kanta ta san kanta, kuma ta san ƙofar da za ta kai shi. Allah ya ba mu ikon sauke nauyi.